Yadda ake kafa lambu a firamaren gwamnati ta cikin birni, kuma kar ya mutu bayan zango ɗaya

Kafa lambu a makaranta ba shi ne abin wahala ba, ranar farko ai kowa zuwa yake, hedimasta ya riƙe shebur a ɗau hoto, yara su yi ta tsalle suna murna. Wahalar tana farawa ne wajen sati na shida, lokacin ciyawa ta fito, malamin da ya kawo shawarar ya nutse cikin makin jarrabawa, ga dogon hutu ya ƙarato kuma babu wanda aka ce shi ne zai riƙa ban ruwa. Shi yasa a nan zan fi daɗewa a kan abubuwan da ke kashe lambu fiye da abubuwan da ke ƙawata shi.

Amma tukunna, me yasa ma za a sha wannan wahalar? Yaron birni da ke firamaren gwamnati yawanci gidansu ba fili, wani ma a bene suke, daga siminti sai kwalta, karas a leda yake ganinsa bai taɓa ganin an tumɓuko shi daga ƙasa ba. Filin makaranta shi ne kusan kaɗai ƙasar da zai taɓa da hannunsa ba tare da an daka masa tsawa ba. Kuma fa abin ba sabo bane. Friedrich Froebel, Bajamushen nan da ya assasa makarantar ƙananan yara wajen 1840, kowane yaro sai da ya yanka masa ɗan gurbinsa na shuka. A Amurka makarantar George Putnam da ke Boston ta fara nata lambun tun 1891, sannan a 2009 da Michelle Obama za ta yi lambun kayan ganye a fadar White House 'yan firamaren Bancroft ta Washington, makarantar gwamnati, su aka kira suka taya ta haƙa da shuka.

Sai dai kar a yi muku romon baka. Akwai masu cewa lambu zai gyara cimar yara ya rage ƙiba ya ɗaga maki duk a lokaci guda, toh gaskiya bincike bai ce haka ba. Wani gwaji da jami'ar Texas ta yi a firamare 16 a yankin birnin Austin da yara sama da 3,000 ya nuna yaran da aka haɗa musu lambu da darasin girki da na abinci mai gina jiki sun ƙara cin kayan ganye, amma ƙibarsu ba ta wani canza ba. Wani kuma da aka yi a makarantu 23 na Landan, aka wallafa a 2014, bai ga wani canji na a zo a gani ba a cin ganye da 'ya'yan itace. Ni abin da na fahimta a nan shi ne lambun da aka bari shi kaɗai a lungu baya yin komai, wanda aka ɗaure shi da darasi duk sati shi ne ke aiki. Ku ɗauke shi a matsayin aji mara rufi, ba gonar ciyar da makaranta ba, fangali huɗu ba za su ciyar da yara ɗari biyar ba ko da wa zai noma su.

Mataki na farko, mutane kafin ƙasa

Kar ka sayi iri ko ɗaya sai ka samu mutum uku zuwa biyar da suka ce sun ji sun gani. Dole a ciki akwai malamai biyu aƙalla, saboda ɗaya za a iya yi masa canjin wajen aiki ko ta tafi hutun haihuwa, shikenan lambu ya zama maraya. Sai uwa ko uba guda daga ƙungiyar iyaye da malamai wanda gidansa ke kusa da makarantar. Sannan wanda kowa ke mantawa da shi, maigadi ko mai shara, wallahi wannan mutumin ya fi duk kwamitin muhimmanci don shi ke riƙe da makullin get, shi ya san inda bututun ruwa ya bi, shi ke nan ranar da babu kowa. Ku je ku same shi da girmamawa tun kafin a yanke komai, a ce Baba ga abin da muke son yi ina kake ganin ya dace, ba wai ya wayi gari ya ga an ƙara masa aiki ba.

Daga nan sai wajen shugaban makaranta, kuma a rubuce kuke son izinin, takarda ɗaya ta isa: ga wurin, ga masu kula, ga inda ruwa zai fito, ga wanda zai biya kuɗinsa. Filin makarantar gwamnati ba na hedimasta bane, don haka a tambaye shi ko sai an sanar da hukumar ilimin da ke sama da shi. Abu ɗaya da zaku nace a kai shi ne a saka lambun cikin jadawalin darasi, ko da minti 40 ne a sati ga kowane aji da zai shiga. In aka ce muku "ai sai ku riƙa yi lokacin tara ko bayan an tashi" toh ku sani an kashe abin tun kafin a haife shi.

Mataki na biyu, zaɓen wuri

Rana ce kan gaba. Kayan lambu masu 'ya'ya irin su tumatir da kokwamba da barkono suna son rana awa 6 zuwa 8, masu ganye irin latas za su iya haƙuri da awa 4 ko 5. A birni matsalar dogayen gine-gine ce, wurin da ka gani tas da ƙarfe tara na safe kana iya dawowa ƙarfe ɗaya ka tarar inuwar benen maƙwabta ta rufe shi ruf. Wannan aikin yara za a ba: a kafa tsinke a wurare uku da ake tunani, duk bayan awa ɗaya yara biyu su fita su duba su rubuta "rana" ko "inuwa", daga safe har tashi. Kwana biyu ko uku kun samu amsa, kuma kun riga kun yi darasin farko ba tare da kun shuka komai ba.

Sai ruwa. In famfo ya yi nisan da yaro ɗan shekara takwas ba zai iya kai ƙaramin bokiti ba tare da ya zubar da rabi ba, wurin bai yi ba komai kyansa. Kuma ku zaɓi inda ido ke kai, kusa da ajujuwa ko hanyar da ake bi kullum, kar a kai shi can bayan banɗaki don wai kar ya tare hanya. Ku kauce wa filin ƙwallo, da bakin titi mai cunkoson motoci, da gindin manyan bishiyoyi saboda saiwarsu za ta shanye ruwan. Kafin kowa ya kafa diga a tabbatar babu wayar lantarki ko bututun ruwa ko na gas a ƙasan wajen.

In makarantar ku duk siminti ce ba komai, akwatin katako ko buhu ko bokitin da aka huda ƙasansa duk suna yi. Amma masu sha'awar hawa rufin bene su tsaya: jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zurfin santimita 30 a kan murabba'in mita ɗaya kacal tana kai kusan rabin tan, sai injiniyan gini ya duba ya amince, ga kuma maganar katanga saboda yara.

Mataki na uku, gwajin ƙasa, nan ne ba a wasa

Ƙasar birni ba irin ta ƙauye bace, ba ka san me aka yi a wajen shekara hamsin baya ba, ƙila garejin kanikawa ne, ƙila juji ne, ƙila wajen narka batir. Babban abin tsoro shi ne gubar dalma. Shekara da shekaru ana zuba dalma cikin fenti da man fetur, Amurka sai 1978 ta hana fentin gida mai dalma, fetur mai dalma na motoci kuwa sai 2021 aka daina sayar da shi a duniya baki ɗaya, Aljeriya ce ta ƙarshe. Ita kuma dalma bata ruɓewa, in ta sauka a ƙasa tana nan zaune, ta fi yawa a gindin tsofaffin gine-gine inda fenti ya ɓanɓare ya zuba da kuma gefen manyan tituna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da za a ce ba shi da illa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi taɓawa. Abin da mutane basu gane ba, ba ta cikin tumatir ta fi shiga jikin yaro ba, ta ƙura ce da hannun da ya wasa ƙasa ya kai baki, sai kuma ƙasar da ke maƙale jikin karas da ganyen latas.

Toh ga yadda ake ɗibar samfur. Da cokali mai tsabta ko ƙaramin shebur a ɗebo ƙasa daga wurare biyar zuwa goma a cikin filin, zurfin santimita 15, a haɗa a bokitin roba a gauraya, a shanya ta bushe, a ɗebi kamar kofi biyu a leda a rubuta suna da kwanan wata. Ta gindin bango a ɗebe ta daban kar a haɗa. A kai ɗakin gwajin ƙasa na wata jami'a ko hukumar aikin gona, kuma ku faɗa musu ƙarara kuna son a duba dalma da sauran ƙarafa masu guba, don gwajin da aka saba yi na taki ne kawai da tsamin ƙasa. Shi tsamin, wato pH, tsakanin 6 da 7 yawancin kayan lambu suke so.

In babu halin gwaji, ko sakamako ya fito ba daɗi, kar ku shuka abin ci a ƙasar wajen kwata-kwata. A shimfiɗa yadin nan mai barin ruwa ya wuce, a ɗora akwati a kai, a cika da ƙasar da aka kawo daga inda aka yarda da shi, hanyoyin tsakani kuma a rufe su da ɓawon katako ko tsakuwa don ƙura ta daina tashi.

Akwai gwaji biyu da yara za su yi da kansu. Na farko a cika kwalba zuwa sulusi da ƙasa, a ƙara ruwa, a girgiza sosai a ajiye a taga. Cikin minti ɗaya yashi zai kwanta a ƙasa, bayan awa biyu mai laushin ta biyo, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu ruwan na nan a gurɓace kafin ya sauka, sai ka ga layi uku a jere yara su auna da rula. Na biyu a haƙa rami santimita 30 a cika da ruwa, ya tsotse a sake cikawa, in washegari har yanzu ruwa na kwance toh wajen na riƙe ruwa, saiwa za ta ruɓe, sai an ɗaga fangalin sama.

Mataki na huɗu, fangali

Ku fara da kaɗan, dan Allah. Fangali uku ko huɗu a shekarar farko, in sun rayu a ƙara. Faɗin kowanne kar ya wuce santimita 90 saboda hannun yaro gajere ne, ana so ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da ya taka ciki ba, taka ƙasa na danne ta iska ta kasa shiga. Tsawo mita 2.4 ya yi, zurfi santimita 25 zuwa 30. Hanyar da ke tsakani ita ce mutane ke yi wa rowa, ku bar mita guda, in akwai yaro mai keken guragu a ƙara zuwa mita 1.2 kuma a ɗaga masa fangali ɗaya daidai hannunsa.

Katako mara magani ko bulo ko jan bulo duk sun yi. Banda tsohon katakon layin dogo, banda tsohon katako mai launin kore-kore da aka jiƙa da maganin gara don wasu na ɗauke da sinadarin arsenik mai guba, banda duk wani katako mai tsohon fenti. Tayar mota kuma a bar ta wa furanni. Fangali mai awon da na faɗa yana cin ƙasa wajen lita 650, a haɗa kashi biyu ƙasa mai kyau da kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Na ce ruɓaɓɓe fa. Ɗanyen kashin dabba na ɗauke da ƙwayoyin cuta, ƙa'idar da masu noma ba sinadari ke bi a Amurka ita ce kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda baya taɓawa. A makaranta ni dai shawarata a haƙura da ɗanyen gaba ɗaya.

Mataki na biyar, me za a shuka

Da kalandar makaranta ake zaɓen iri, ba da sha'awar malam ba. Ka ƙirga satin da suka rage kafin hutu, ka cire biyu, abin da zai nuna cikin wannan lokacin shi za a shuka. Radish, ɗan jan nan mai kama da ƙaramin karas, sati 3 zuwa 4 ya isa cira, shi yasa ya dace da 'yan aji ɗaya da basu da haƙuri. Alayyahu wajen wata guda a lokacin zafi. Latas sati 5 zuwa 8 amma baya son zafi, in rana ta ƙwalle sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Koren wake sati 8. Karas na ɗaukar sati biyu zuwa uku kafin ma ya tsiro, kuma kwana 70 zuwa 80 ne daga shuka kafin cira. Tumatir kuma daga dashe wata biyu zuwa uku, kaga in kun dasa shi a makare ranar da zai nuna babu yaro ko ɗaya a makaranta. A ƙasashen da ake ƙanƙara dogon hutu na faɗowa ne daidai lokacin da lambu ya fi albarka, a wasu wuraren kuma rani da damina ne ke yanke hukunci, kowa ya tambayi masu lambun yankinsu watan da ake shuka kowane abu.

A ware ɗan gefe na furanni don ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi su zo, in babu su, kokwamba da kabewa fure kawai za su yi ta yi suna zubarwa. A sa masu ƙamshi irin ɗoɗɗoya da na'a-na'a, amma na'a-na'a a tukunya ita kaɗai in ba haka ba ta mamaye fangalin.

Abin da ba a shukawa kusa da yara: zurma, 'ya'yanta guba ne mai kisa, da zaƙami, da duk wani furen ado da baku san shi ba. Ganyen tumatir da na dankalin turawa ba a ci, haka dankalin da ya yi kore. Sannan ku duba irin da kuka sayo, in kun ga an rina shi ja ko shuɗi ko kore toh an yi masa wankan magani ne, kar a ba yara shi a hannu, a nemi mara magani. A tura wa iyaye takarda a tambaya ko akwai yaron da jikinsa baya ɗaukar gyaɗa ko harbin zuma.

Mataki na shida, ranar shuka da yadda ake riƙe yara

Kar ka kwaso yara arba'in ka zuba su kan fangali huɗu, ba abin da zaka samu sai kuka da tattake. A raba su gida uku, wajen goma sha uku a kowane rukuni, wasu na shuka, wasu na wajen taki ko ban ruwa, wasu na zaune da littafi suna zana abin da suka gani, bayan minti 10 ko 12 a juya. Dokoki kaɗan ne kuma a maimaita su duk fita: ba gudu, ba a ɗaga fartanya ko manjagara sama da ƙugu, in an ajiye manjagara haƙoranta na kallon ƙasa, ba a sa komai a baki sai malam ya ce, a wanke hannu da sabulu in an gama. Mai ciwo a hannu a rufe masa ya sa safar hannu.

Zurfin shuka kamar ninki biyu zuwa uku na kaurin ƙwayar ne. Ga yaro sai ka ce wake gaɓar yatsa ɗaya, latas da karas kuma a barbaɗa a yayyafa ƙasa sama-sama. Ƙananan iri a gauraya su da yashi kafin a ba su don in ba haka ba duk a rami ɗaya za su juye. Tazara: tumatir santimita 50, latas 25, wake 10, karas in ya tsiro a rage shi ya zama 5. Wannan ragewar yara basa sonta ko kaɗan, sai ka ga yarinya ta tsuguna ta rufe tsironta da hannu tana cewa Malama kar a cire nawa, sai an zaunar da ita an nuna mata layi ɗaya da aka rage da wanda aka bari a cunkushe, bayan wata guda ta tono ta gani da idonta. Kowane layi a kafa masa alama da sunan iri da ranar shuka.

Mataki na bakwai, ruwa da taki da ƙwari

Lissafin da aka saba shi ne lita 25 a sati ga kowane murabba'in mita, wato fangali ɗaya irin namu wajen lita 54, huɗu lita 216, in ana tsananin zafi ko a buhu kuka shuka zai iya ninkawa. Da safe ake bayarwa, a gindi ba a kan ganye ba, kuma gara a ƙosar da ƙasa sau biyu ko uku a sati da a riƙa yayyafi kullum, sai dai sabon tsiro shi kam kullum yake so. Yara sun fi kashe shuka da yawan ruwa fiye da ƙishi, don haka a koya musu su tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi a wuce. A rufe saman fangali da busasshiyar ciyawa ko ganye kaurin santimita 5, yana riƙe danshi yana hana ciyawa.

In zaku tari ruwan sama, milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, rufin aji mai murabba'in mita 50 in aka yi ruwan milimita 10 ya ba ku lita 500, wannan ma kansa darasin lissafi ne. Amma tanki ya kasance da murfi mai kwaɗo, saboda yaro na iya faɗawa, kuma sauro cikin sati ɗaya zuwa kwana goma yake ƙyanƙyashewa ya tashi a ruwan da ke kwance. Ruwan rufi na ban ruwa ne kawai, ba a sha ba a wanke girbi da shi.

Takin ku kuma ku haɗa da kanku a wani lungu: kashi biyu zuwa uku busassun abubuwa irin ganye da yagaggen kwali, kashi ɗaya ɗanyu irin ɓawon ayaba da ragowar ganye. Banda nama da mai da dafaffen abinci, in ba haka ba kun gayyato ɓeraye, kuma a birni ɓera ɗaya ya isa a rufe muku lambu. A riƙa juyawa duk sati, danshinsa kamar tsumman da aka matse. Maganin feshi na ƙwari kuwa babu shi a lambun yara sam. Tsutsa a tsince da hannu, ƙananan ƙwarin da ke manne a bayan ganye a wanke su da ruwa mai ƙarfi ko ruwan sabulu kaɗan, in shuka ɗaya ta lalace a tumɓuke ta a kai aji a duba me ya same ta.

Mataki na takwas, a mayar da shi darasi

Nan ne amfanin yake. Lissafi: auna tsayin wake duk sati a zana jadawali, kewaye da faɗin fangali, iri nawa aka shuka nawa suka tsiro, kashi nawa kenan cikin ɗari. Harshe: kowane yaro da littafin lambunsa, layi uku kawai duk fita. Kimiyya kuwa ba a magana. A sa wake tsakanin jiƙaƙƙiyar takarda da bangon kwalba, cikin kwana uku ko huɗu za su ga saiwa ce ke fara fitowa kuma ko ya aka juya ƙwayar ƙasa take nufa. In wake ya yi fure a tono guda ɗaya a hankali a wanke saiwar, za a ga wasu ƙananan ƙulla-ƙulla a jiki, a fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne toh ƙwayoyin bakteriya ne a ciki suna ɗebo sinadarin naitirojin daga iska suna ba shukar. Yaron da ya fasa wannan da farcensa ba sai an sa shi hadda ba.

Kuma zaku lura yaron da baya iya zama a benci minti biyar, wanda kullum sunansa ke cikin masu surutu, sau da yawa shi ne gwanin tura baro da tono, a ba shi muƙami a lambun. Abu ɗaya da zan roƙa, kar a taɓa mayar da cire ciyawa horo ga wanda ya makara ko ya yi laifi. In aka yi haka an gama koya wa yara cewa aikin ƙasa wulaƙanci ne.

Mataki na tara, girbi da hutu

Ranar girbi a wanke hannu, a wanke kayan da ruwan sha mai tsabta, karas a goge shi sosai ko a fere, ganyen waje na latas a yar. Kowa ya ɗanɗana ko da yanki ɗaya ne amma ba dole, wanda ya ƙi yau in ya ga abokinsa na ci gobe da kansa zai miƙo hannu. In za a kai kicin ɗin makaranta a fara tambayar dokar lafiyar abinci ta wajen. Yadda za a raba sauran kuma a yanke shi tun kafin ya nuna, kowane yaro ya je gida da wani abu ko ƙulli ɗaya ne, don in yara suka ga manya sun kwashe ba za su ƙara yarda ba.

Shi kuma dogon hutu, ba a fafe gora ranar tafiya, wata guda kafin a rufe makaranta za a zauna. Hanya biyu ce. Ko dai a raba satuttukan hutun ga iyalai, kowane gida sati ɗaya, a rubuta suna da lambar waya, a shirya da maigadi ranar da awar da zai buɗe get, kuma duk abin da ya nuna a satin na mai ban ruwan ne. Ko kuma a kwantar da lambun: a girbe komai, a zuba taki, a rufe da kwali da busasshiyar ciyawa mai kauri a tafi. In ana son a dawo a tarar da wani abu a dasa dankalin Hausa a fangali ɗaya ko biyu, yana jure ƙishi, ganyensa na rufe ƙasa ya hana ciyawa, wata uku zuwa huɗu ya isa tono. Don rage zirga-zirga a binne tukunyar ƙasa mara fenti har wuya a tsakiyar fangali, a cika ta da ruwa a rufe bakin, ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinta a hankali, cikawa ɗaya na iya kai kwana uku zuwa biyar gwargwadon zafi.

Kafin a kulle get ranar ƙarshe a wanke kayan aiki a shafa musu ɗan mai a ƙirga a kulle, ragowar iri a zuba a kwalba mai murfi a ajiye inda ba zafi ba danshi. Sannan a samu babban littafi guda wanda zai zauna a ofis ba a jakar wani malami ba, a rubuta me aka shuka a wane fangali, yaushe, me ya yi me bai yi ba, a liƙa takardar gwajin ƙasa a ciki. Zangon gaba da shi za a duba a juya shukar, inda aka sa tumatir bana a sa wake ko latas, tumatir da barkono da dankalin turawa kuma kar su gaji juna a fangali ɗaya don danginsu ɗaya, cutarsu ma ɗaya.